Turba a Gurbin Dogo: Tattaki a Bakin Kogi da Abin da Maiduguri Take da Shi

Layin dogo abu biyu ne a haɗe, ko da yake ido ya fi kama ɗaya daga cikinsu: akwai ƙarafan da jirgin ƙasa yake gudu a kansu, akwai kuma zirin ƙasar da aka keɓe aka shimfiɗa ƙarafan a bisansa, wanda yakan miƙe ɗaruruwan kilomitoci ba tare da gida ko gona ta katse shi ba. Ƙarfe yana tsatsa, ana sace shi, ana kuma iya sayo wani a maye gurbinsa, amma zirin ƙasar idan aka bari ya yayyanke ya shiga hannun mutane dubu, da wuya a sake haɗa shi ko da an tara kuɗin diyya mai yawa. Fahimtar wannan ce ta sa ƙasashe da dama, tun daga shekarun 1960, suka riƙa mayar da layukan da jirgi ya daina bi zuwa turbar jama'a, wato hanyar da aka haramta wa mota aka bar wa mai tafiya a ƙafa da mai keke da mai keken guragu, a wasu wurare har da mai doki. Wasu daga cikin mafi shahara a irin waɗannan turbobi suna bin gaɓar kogi ne, kuma birnin Maiduguri, da yake da layin dogon da ya daɗe a kwance da kuma kogin da ya ratsa tsakiyarsa, yana cikin wuraren da ya kamata a yi wannan nazari a kansu.

Dalilin da dogo yake daɗin tafiya

Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, domin ƙafarsa ta ƙarfe ce kuma a kan ƙarfe take gudu, saboda haka idan hawa ya yi yawa sai ta riƙa zamewa. Wannan ne ya tilasta wa injiniyoyi su daidaita hanyarsa ta yadda a mafi yawan layuka hawan ba ya wuce mita ɗaya ko biyu a cikin kowace mita 100, su fasa tudu inda ya tare hanya, su yi ciko inda ƙasa ta yi kwari, su kuma gina gada da kwalbati a duk inda ruwa yake wucewa. Shi ne kuma dalilin da ya sa layukan dogo da yawa suka bi gefen koguna a ƙasashe masu duwatsu, tun da ruwa ya riga ya nemo hanya mafi sauƙi tsakanin tsaunuka, abin da ya rage wa mai gini kawai shi ne ya bi sawunsa. Idan aka ɗauke ƙarafan da gungumen da ake ɗaure su a kai, aka baje tsakuwar da ke ƙarƙashinsu aka danne ta, abin da ake samu shi ne hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, wadda tsoho da mai juna biyu da yaro ɗan makaranta za su iya bi ba tare da haki ba.

Ana kiran irin wannan hanya turbar amfani da yawa saboda ba a keɓe ta ga rukuni ɗaya ba, kuma yawanci ana ba ta faɗin da ya kai kimanin mita uku domin mai keke ya wuce mai ƙafa ba tare da sun gogi juna ba. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san karkarar Arewa, domin burtali, wato hanyar da ake bari tsakanin gonaki don shanu da mutane su wuce, shi ma ziri ne na kowa da kowa wanda al'ada ta hana a nome shi, kuma an ga irin rigimar da takan biyo baya a duk inda manoma suka ci burtali har ya toshe.

Yadda abin ya faro a wasu ƙasashe

A Amurka, inda motocin ɗaukar kaya suka ƙwace wa jiragen ƙasa ciniki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni sun yi watsi da dubban kilomitoci na dogo, kuma ɗaya daga cikin turbobin farko da aka samar a kan irin waɗannan layuka ita ce ta tsakanin garuruwan Elroy da Sparta a jihar Wiskonsin, wadda aka buɗe a shekarun 1960, mai tsawon kimanin kilomita 52, tana ratsa ramuka uku da aka fasa cikin dutse tun zamanin jirgi. A shekarar 1983 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar turbobi gyara inda ta shigo da tsarin da za a iya kira ajiyar layi, ma'ana a damƙa layin da aka daina amfani da shi ga wata hukuma ko ƙungiya ta mayar da shi turba, bisa sharaɗin cewa duk ranar da aka bukaci dawo da jirgi za a mayar wa jirgi hanyarsa. Masu filayen da ke maƙwabtaka da layukan sun ƙalubalanci dokar, amma kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 1990.

Misalin da ya fi kusa da halin Maiduguri shi ne turbar Katy a jihar Misuri, mai tsawon kimanin kilomita 386, wadda mafi yawanta yake bin gaɓar kogin Misuri. Ambaliyar 1986 ce ta lalata dogon da ke wurin, kamfanin da ya mallake shi ya ga gyaran ba zai biya ba ya janye, jihar kuma ta karɓi layin a ƙarƙashin tsarin ajiya ta buɗe sashen farko na turbar a 1990. Babbar ambaliyar 1993 ta sake cinye wani dogon sashe nata, amma da yake an shimfiɗa ta ne da niƙaƙƙen dutse, gyaranta bai kai wahalar sake gina unguwa ba, kuma babu gidan kowa a kanta da za a yi kukan rushewarsa. A Ingila ma, bayan rahoton Beeching na 1963 a kan jiragen ƙasa ya kai ga rufe layuka masu yawa, masu aikin sa kai ne suka gina turbar da ta haɗa biranen Biristol da Bath tsakanin 1979 da 1986, mai tsawon kimanin kilomita 21, wadda a yau ma'aikata da ɗalibai suke bi safe da yamma zuwa wuraren aiki da makarantu, abin da ya nuna cewa amfanin irin wannan hanya ya wuce shan iska.

Dogon Borno

Maiduguri ta makara wajen samun jirgin ƙasa idan aka kwatanta ta da wasu garuruwan Arewa. Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, amma sai a 1958 aka soma aikin reshen Borno, wanda ya tashi daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni Yadi har ya iso Maiduguri a 1964, tafiyar kimanin kilomita 640. Da bashin dala miliyan 28 daga Bankin Duniya aka tallafa wa aikin, kuma shi ne bashi na farko da bankin ya ba Nijeriya. Manufar ita ce a sauƙaƙa fitar da gyaɗa da auduga da fatu da dabbobi daga Arewa maso Gabas zuwa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, a kan layi mai faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda ake kira ƙaramin layi don a bambanta shi da sabon layi mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna.

Rashin sa'ar wannan reshe ita ce ya zo a ƙarshen zamanin gyaɗa, domin kimanin shekaru goma bayan kammala shi fari da cutar gyaɗa da kuma kuɗin man fetur suka karya kasuwar da aka gina shi dominta, manyan motoci kuma suka ɗauke abin da ya rage na kaya. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta yi ta fama da rashin kuɗi da lalacewar kayan aiki, sannan rikicin masu tada ƙayar baya da ya ɓarke a 2009, waɗanda cibiyarsu ta kasance a unguwar da ke kusa da tashar jirgin ta Maiduguri, ya mayar da dazuzzukan da layin yake ratsawa wuraren da ba a shiga. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri gaba ɗayansa, mai tsawon fiye da kilomita 1,400, kuma a 2024 jirgi ya koma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, can a ƙarshen kudu na layin, yayin da mutanen Borno suke ci gaba da jira.

Wannan jira shi ne ainihin haɗarin, domin fili a cikin birni ba ya zama babu mai shi. Maiduguri ta cika ta batse da mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukansu, kowa yana neman inda zai kafa rumfa ko ya aza bulo, kuma gefen dogon da ba a jin ƙarar jirgi a kansa shi ne wuri na farko da ido yake kaiwa. Arewa ta taɓa rasa layi sukutum: ƙaramin dogon Bauchi, wanda aka soma ginawa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya don ɗauko kuza, ya rasa amfaninsa bayan babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafansa, kuma a yau mutane kaɗan ne daga cikin masu bin hanyar Zariya zuwa Jos suka san cewa jirgi ya taɓa ratsa yankin.

Tun da ba a fid da rai ga dawowar jirgi ba, abin da ya dace da Maiduguri shi ne tsarin da ake kira turba a gefen dogo, inda ake barin ƙarafan a inda suke, a gina hanyar ƙafa a gefe ɗaya na filin layin, a raba ta da dogon da shinge ko jerin itatuwa. Hanyar da ɗaruruwan mutane suke bi kullum tana da masu gadi da ba a biyansu albashi, domin da wuya wani ya yi ginin dare ko ya kwance ƙarfe a wurin da ƙafa ba ta ɗaukewa. Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa bayan a da ta tarayya ce kaɗai, ya ƙara sauƙaƙa wa gwamnatin jiha zama da hukumar jiragen ƙasa a kan irin wannan yarjejeniya.

Kogin da ke tsakiyar gari

Ziri na biyu shi ne gaɓar kogin Ngadda, wanda yake tasowa daga fadamun yankin Sambisa, ya taru a madatsar ruwa ta Alau a kudu maso gabashin birnin, ya ratsa Maiduguri inda reshensa Ngaddabul yake haɗuwa da shi, sannan ya bazu a fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Kogi ne na damina, wanda yakan cika a watannin Agusta da Satumba ya kuma ja baya da rani har yara su buga ƙwallo a cikin yashinsa, kuma wannan ɗabi'a tasa ce take yaudarar mutane su matsa da gini zuwa bakinsa su kuma mayar da shi juji. An gina madatsar Alau a tsakiyar shekarun 1980 don samar wa birnin ruwan sha da na ban ruwa, ta yi ambaliya a 1994, sannan a daren 9 ga Satumba na 2024 zuwa wayewar garin 10 ga wata ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a da gidan namun daji, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu.

Turba ba za ta tare ruwan madatsar da ta ɓalle ba, wannan aikin injiniyoyin madatsa ne. Abin da take yi shi ne ta ba iyakar kogi siffar da kowa zai gani da idonsa. Dokar da ta ce a bar wasu mitoci tsakanin gini da bakin ruwa takan zauna a cikin fayil, mai sayen fili bai san da ita ba, mai sayarwa kuma ba zai faɗa masa ba, amma hanyar da aka shimfiɗa aka dasa wa itatuwa aka kafa wa fitilu shaida ce a fili cewa daga nan zuwa ruwa na kogi ne da jama'a. Idan damina ta yi ƙarfi ruwa ya hau kanta, asarar ba ta wuce tsakuwa da 'yan kujerun siminti ba, kamar yadda aka gani a Misuri. Saiwoyin itatuwan da ke gefenta suna riƙe gaɓa daga zaizayewa, kuma masu kwashe shara da masu yashe kogi suna samun hanyar isa wuraren da a yanzu gidaje suka toshe.

Yadda ake tattaki a irin wannan ƙasa

Tafiya mai nisa a ƙafa tsohuwar al'ada ce a Borno, domin ta nan ne hanyar alhazan ƙasa ta bi zuwa Chadi da Sudan, inda mutane suka riƙa shafe watanni ko shekaru kafin su kai gaɓar Bahar Maliya, ta nan kuma fatake suka yi ta kai da komo tsakanin Kano da Kukawa. Abin da ya sauya shi ne dalilin tafiyar, domin mazaunin birni na yau, wanda yake hawa Keke Napep daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, likita ne yake umartarsa da ya taka saboda hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda bai wuce tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar ba, kuma da yake mai lafiya yakan ci kilomita huɗu zuwa biyar a awa, turba mai tsawon kilomita biyar kacal ta isa ta biya wa unguwanni da dama wannan bukata.

Yanayin Maiduguri ne yake tsara lokacin fita. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 da rana, saboda haka tafiyar bazara ta bayan sallar asuba ce zuwa hantsi, ko kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba, tare da gorar ruwa da hula ko mayafi mai haske da takalmi mai rufi wanda ƙaya ba za ta huda ba. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko ya ga gumi ya ɗauke masa alhali yana jin zafi, ya nemi inuwa nan take ya jiƙa jikinsa, domin waɗannan alamu ne na bugun zafi. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokaci mafi daɗi, sai dai mai asma ya rufe hanci ranar da hazo ya sauko. Da damina kuwa bakin kogi wurin taka tsantsan ne, saboda gaɓa tana iya zaftarewa ƙarƙashin ƙafa, macizai kuma suna hawowa tudu idan ruwa ya kore su daga ramukansu.

A wannan yanayi inuwa ita ce rabin turba, kuma Maiduguri ba ta bukatar a koya mata wannan, tun da an san ta da jerin itatuwan darbejiya, waɗanda ake kira maina a yankin, da aka dasa a manyan titunanta tun zamanin mulkin Turawa. Darbejiya tana jure fari, ba ta kaɗe ganyenta duka da rani, awaki kuma ba su cika damunta ba saboda ɗacinta, ko da yake a bakin ruwa ya kyautu a gauraya ta da itatuwan gida irin su tsamiya da gawo da bagaruwa don tsuntsaye su samu wurin zama.

Hanyar da mutane iri-iri suke rabawa ba ta zaunawa lafiya sai da ladabi da kowa ya sani. Mai keke shi yake rage gudu ya buga ƙararrawa kafin ya wuce mai ƙafa, masu tafiya a rukuni ba sa tare hanya gaba ɗaya, mai doki yana bin gefen da aka bar masa na ƙasa saboda kofato yana farfasa daɓe, mai turin ruwa da mai baro kuma a ba su damarsu tun da da wannan hanya suke ci. Abin hawa mai inji shi ne ba a yarda da shi ba, domin ranar da aka bar Keke Napep ɗaya ya shiga, turbar ta zama titi. Mata da 'yan mata ba za su bi hanyar da babu haske ko wadda ta zama matattarar zauna gari banza ba, saboda haka fitilu masu aiki da hasken rana, da mashigai da yawa daga unguwanni, da sa idon masu unguwa da bulamai, suna cikin ginin tun daga farko. Haka nan duk wannan bayani ya tsaya ne a cikin gari, domin bin tsohon dogo zuwa daji a halin da ake ciki kasada ce da rai, saboda 'yan bindiga da kuma abubuwan fashewa da aka binne a wurare da dama na jihar.

Abin da ya rage

Za a iya cewa birnin da yake fama da 'yan gudun hijira da gadojin da ruwa ya lalata yana da bukatun da suka fi hanyar tattaki gaggawa, kuma wannan gaskiya ne idan ana maganar kashe kuɗi mai yawa. Sai dai matakin farko ba ya cin kuɗi sosai: a auna filin dogo da gaɓar kogi, a kafa duwatsun iyaka, a buga taswirar a manna a fadar kowane lawani don mai sayen fili ya gani, a dasa itatuwa a farkon damina, sannan a gwada da ɗan gajeren sashe tsakanin gada da gada. Waɗanda suka riga suka zauna a cikin filin, waɗanda da yawansu larura ce ta kai su, a sama musu matsuguni kafin a tashe su, domin turbar da aka gina a kan hawayen talakawa ba za ta samu masu tsaronta ba. Itacen da aka dasa bana sai bayan shekaru zai yi inuwa, filin da aka yi sakaci da shi bana kuwa baɗi an aza masa harsashi, saboda haka ya rage ga gwamnatin jihar Borno da hukumar jiragen ƙasa da masarautar Borno su shata waɗannan iyakoki tun ana iya ganinsu.